Attajirin da ya bar wa birnin Faris gidansa da kayan tarihin Asiya: kyauta ce ko kayan mutane ne?

Dan_Damagaram:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wani gidan tarihi a nan Faris gefen lambun Monceau, sunansa Cernuschi, kayan Sin da Japan da Koriya da Biyetnam ne zalla a ciki. Ba gwamnati ce ta tara kayan ba, gidan wani attajiri ne Henri Cernuschi, shi ya je can ya sayo su da kuɗinsa ya gina gida ya zuba su, da ya mutu a 1896 sai aka tarar ya bar wasiyya a ba birnin Faris gidan da duk abin da ke cikinsa, a 1898 aka buɗe wa jama'a kuma yanzu shiga kyauta ce sai dai in ana wani baje koli na musamman. Ni dai cewa na yi mutumin nan ya yi abin da attajiranmu suka kasa, amma abokin zamana ɗan Senegal ya ce wace kyauta, kayan mutane ne ya kwaso ya yi suna da su. Har yanzu ba mu daidaita ba. Ku me kuka gani?

Abbakar_Kn:
Wslm. Gsky abokinka ya fika gaskiya, bature ai baya kyauta sai da abinda ya kwato. Duk gidajen tarihinsu kayan sata ne

Uwar_Hanan:
Mun dai kama kujera, a zuba mu sha labari

Malam_Tarihi:
Abbakar a yi hattara da kuɗin goro. Shi wannan mutumin asalinsa ma ba Bafaranshe ba ne, ɗan Milan ne ta Italiya, an haife shi a 1821. Ɗan tawaye ne a ƙuruciyarsa, yana cikin waɗanda suka tayar wa Ostiriya a Milan a 1848, ya shiga jamhuriyar Rum ta 1849, da abin ya rushe aka kama shi, daga baya ya tsinci kansa a Faransa yana gudun hijira. A can ya shiga harkar banki ya yi kuɗi, yana cikin waɗanda suka kafa Banque de Paris wadda daga baya ta zama Paribas. Tafiyar da ya yi Asiya daga 1871 zuwa farkon 1873 ba da soja ya je ba, shi da abokinsa Théodore Duret ne da jakar kuɗi, kuma Japan ba ta taɓa zama ƙarƙashin mulkin Faransa ba. Wannan daban yake da abin da sojan Ingila suka yi a Benin a 1897 da suka ƙone gari suka kwashe tagulla.

Abbakar_Kn:
To naji malam, amma me ya kai mai banki yawon sayen gumaka? akwai lauje cikin nadi

Malam_Tarihi:
Ɓacin rai ne ya fitar da shi. A 1871 aka yi rikicin Commune, wato tawayen mutanen gari ga gwamnati, a Faris, aka kashe dubban mutane, amininsa Gustave Chaudey na cikin waɗanda aka harbe. Bayan nan ya bar garin ya bi ta Amurka ya sauka Japan, daga can Sin, Java, Silon (Sri Lanka ta yau), Indiya. Ya dawo da kaya wajen 5,000, da yawansu na tagulla.

Hadiza_Lyon:
Wannan ba shi ne wanda ke kusa da Trocadéro ba? Na shiga shi shekarun baya amma ni kam sai da na sayi tikiti

Dan_Damagaram:
A'a Anti Hadiza wancan Guimet ne, na gwamnatin ƙasa ne kuma ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Cernuschi na birni ne, ofishin magajin gari ke riƙe da shi, shi ya sa ba a biya, tun 2001 suka mayar da yawancin gidajen tarihin birnin kyauta. Lamba 7 avenue Vélasquez, metiro Monceau ko Villiers.

Bature_Baki:
Malam_Tarihi ka ba da rabin labari ka ɓoye rabi wallahi. Eh saya ya yi, amma a wane lokaci ya saya? A 1868 sabuwar gwamnatin Meiji ta Japan ta yi dokar raba addinin Shinto da na Buda, daga nan aka bi wuraren bautar Buda da ƙwace filaye da rushewa, ana narkar da ƙararrawa da gumaka ana sayar da su a kan nauyin ƙarfe, limamansu ba su da abin da za su ci. Daidai wannan lokacin mutuminku ya dira da kuɗi. Babban Budan nan da ke tsakiyar gidan, wanda ya haura mita 4, daga wani wurin bauta ya ɗauko shi a unguwar Meguro ta Tokyo, Banryuji sunan wurin. Kuma shi kansa Duret ya rubuta a labarin tafiyarsu cewa mutanen unguwar sun biyo su suna roƙo a mayar musu su dawo da kuɗin, amma ina, an riga an kwance shi gunduwa-gunduwa an nufi tashar jirgin ruwa ta Yokohama da shi. To ka ce min wannan ciniki ne? Kamar wanda ya sayi gonar maƙwabcinsa ne a shekarar yunwa da buhun gero biyu, takarda ta halatta masa amma duk gari sun san abin da ya faru.

Uwar_Hanan:
Kai abin tausayi, har sun biyo shi fa

Sani_Injiniya:
Amma fa Bature_Baki kai da bakinka ka ce ana narkar da su. Da bai saya ba ƙila da tuni ya zama tukunya ko bakin igwa. Yau shekara sama da 150 yana nan lafiya lau kuma ɗan Japan ɗin ma in ya zo Faris zai shiga ya gani ba ko sisi

Bature_Baki:
Wannan ita ce hujjar da kullum suke kawowa, mun ajiye muku ne. Mutanen da suka biyo shi da kuɗi a hannu su ne za su narkar? Kuma in ya zo Faris ɗin da ka ce, ɗan Japan yana zuwa ba biza, kai ka je ka nemi biza ka ce za ka je kallon kayan kakanninka ka ga yadda za a yi da kai

Dan_Damagaram:
Ni dai Budan nan ya ba ni mamaki. Za ka hau bene ka shiga wani babban zaure mai dogon rufi sai ka gan shi can sama a kan dakali, zaune a kan furen tagulla ya harɗe ƙafa, hannun dama a ɗage, da wani zobe babba a bayan kansa. Saboda shi aka yi zauren da tsayi haka, kusan a ce gidan aka gina a kewaye da shi. Amma wanda ya fi tsayar da ni ƙarami ne, wata butar tagulla ta Sin da suke kira La Tigresse wato damisa mace, ba ta fi kamu biyu ba. Dabbar ce zaune a kan ƙafafun baya da wutsiya, ta rungume wani ɗan mutum a ƙirjinta, kansa na daidai ƙarƙashin bakinta a buɗe, shi kuma ya ɗora ƙafafunsa a kan nata ya riƙe ta, fuskarsa ba alamar tsoro ko kaɗan. Duk jikinta zane ne ba masaka tsinke. Ta zamanin daular Shang ce, sama da shekara 3,000. Na daɗe ina zagaya gilashin ina son in gane cinye shi za ta yi ko kare shi take yi.

Malam_Tarihi:
Ita wannan ba ma shi ya sayo ta ba, gidan tarihin ne ya saye ta a 1920, shekara 24 bayan mutuwarsa. Akwai 'yar'uwarta guda a Kyoto cikin tarin kayan iyalan Sumitomo. Wannan ma abin lura ne ga masu cewa duk kayansa ne, abin da ya bari tushe ne kawai, waɗanda suka riƙe gidan bayansa su suka karkata shi zuwa tsoffin kayan Sin na haƙa, su dawakai da raƙuma da makaɗa na yumɓu da ake binne manya da su a zamanin daulolin Han da Tang. A 1953 wani ɗan Sin Guo Youshou ya ba su zane-zanen masu zanen ƙasarsu na zamani da hannunsa, ba wanda ya tilasta shi. Mai zanen Koriya Lee Ungno ma a nan ya buɗe makarantar koyar da zane a 1964.

Bature_Baki:
Na haƙa ka ce ko? Wato kaburburan mutane. Kuma ɓangaren Biyetnam fa, wanda Olov Janse ya haƙo a shekarun 1930 lokacin Faransa na mulkin ƙasar? Nan ma ciniki ne?

Malam_Tarihi:
Nan kam ƙarƙashin mulkin mallaka aka yi, ban musa ba. Shi ya sa nake cewa kowane kaya a bi tarihinsa shi kaɗai, kada a haɗa su a buhu ɗaya ko ta wane ɓangare

Ustaz_Nura:
Ni tambayata daban ce. Ɗan'uwa Dan_Damagaram kai da kake musulmi me ya kai ka gidan gumaka har kana tsayawa kana zagaya su? Ina jin tsoron irin wannan yawo ga yaranmu da ke karatu a waje

Dan_Damagaram:
Allah gafarta Malam ba bauta na je yi ba, ba mai bauta a wurin ma, 'yan makaranta ne da tsofaffi da masu zane zaune a ƙasa da fensir. Kuma ba gumaka kaɗai ba ne, akwai tangaran, madubin tagulla, tukwane, rubutun hannu irin nasu na buroshi wanda in ka gani sai ka tuna masu zayyana na gida

Hajiya_Mai_Atamfa:
Malam Nura ai an ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Ni da na je Masar har gawar fir'aunoni na gani kuma imanina ƙaruwa ya yi

Ustaz_Nura:
Hajiya kallon wa'azi daban kallon sha'awa daban. Amma ba zan yi fatawa a zaure ba, kowa ya tambayi malaminsa

Sani_Injiniya:
Mu koma kan maganar farko don Allah, ta attajiranmu. Ni abin da ya fi burge ni ba kayan ba ne, tsarin ne. Mutum ya ba birni, birni ya karɓa ya ɗauki albashin ma'aikata da gyaran rufi da wuta da masu gadi tun 1898, an yi yaƙin duniya biyu, an canja gwamnatoci ba adadi, gidan na nan. Sun rufe shi daga 2001 zuwa 2005 sun gyara, sun sake gyara suka buɗe a 2020. Bayarwa rana ɗaya ce, riƙon ne aiki. A wurinmu ko da Alhaji ya bayar wa zai riƙe?

Yar_Katsina:
Wallahi Yaya Sani ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Kakanmu malami ne ya bar littattafai na rubutun hannu cike da adaka biyu, wasu da tawadar gida da jar tawada a gefe, har da wasiƙu na ajami. Bayan rasuwarsa wasu mutane suka zo daga wata ma'aikata suka ce a ba su za su adana a yi musu hoto a dawo mana da kwafi, baffanmu ya ɗauka ya ba su adaka guda ko takardar shaida bai karɓa ba don yana ganin abin alheri ne. Da yayana ya bi sawu bayan wasu shekaru aka ce wanda ya karɓa ya yi ritaya, aka nuna masa wani ɗaki da rufinsa ke yoyo takardu jibge a ƙasa gara ta ci na ƙasan, namu ko alamarsu babu. Adakar da ta rage tana ɗakin gwaggonmu ta ce ko sarki ne ya aiko ba za ta bayar ba, kuma ni ban ga laifinta ba

Uwar_Hanan:
Innalillahi, Allah ya isa kawai

Abbakar_Kn:
Kunga ni shi yasa nace kowa ya rike kayansa

Bature_Baki:
Abbakar ɗazu cewa ka yi bature ɓarawo ne, yanzu kuma ka koma kowa ya riƙe kayansa, a tsaya wuri ɗaya mana

Lauya_Bashir:
Akwai abin da ya bambanta mu da su ta fuskar doka. A musulunci wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya sai in magada sun yarda, don haka irin abin da Cernuschi ya yi in gidan da kayan sun haura sulusi magada na iya tsayar da shi. Hanyar da ta dace ita ce wakafi tun mutum na da rai da lafiyarsa, ya fitar da abin daga mulkinsa, ba a sayarwa ba a kyautarwa ba a gado, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar. Kuma wakafi mai hankali yana zuwa da abin da zai ciyar da shi, a ce ga shaguna goma kuɗin hayarsu na gyaran wurin ne. Abin mamaki dokar Faransa ma kusan haka take, abin da ya shiga gidan tarihin hukuma ba ya fita, shi ya sa da za su mayar wa jamhuriyar Benin kayan Abomey guda 26 da takobin Alhaji Umaru Tal ga Senegal sai da majalisa ta yi doka ta musamman a 2020. Dokar da ta hana wani magajin gari ya sayar da kayan ita ce kuma ke hana a mayar wa masu shi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Lauya attajiranmu na yin wakafi fa, masallatai nawa suka gina, rijiyoyi, islamiyyu, asibiti. Kada a yi musu rashin adalci. Mutum na ganin unguwarsu ba ruwan sha za ka ce ya gina gidan ajiye tsoffin tukwane?

Sani_Injiniya:
Hajiya ba wanda ya ce a bar rijiya. Amma wanda ya gina masallaci na biyar a layi ɗaya fa, da ya gyara ɗaki guda mai na'urar sanyaya wuri ya ɗauki mutum biyu aiki don littattafan irin na kakan Yar_Katsina, wannan ba ilimi mai amfani ba ne? ba sadaka mai gudana ba ce?

Kabiru_Legas:
A Najeriya ma an yi fa, kada ku ce ba a taɓa ba. Yarima Yemisi Shyllon ya ba jami'ar Pan-Atlantic da ke yankin Lekki kayan fasaha wajen 1,000 daga tarinsa har da kuɗin gini, an buɗe gidan a 2019 da sunansa. Amma ku lura jami'a mai zaman kanta ya ba, bai ba gwamnati ba, kowa ya fassara da kansa

Malam_Tarihi:
A Arewa kuma abin da muke da shi yawanci tsoffin gidajen sarauta ne ko na shugabanni aka mayar, Gidan Makama a Kano, gidan tarihin Kanta a Argungu, Arewa House a Kaduna da ke gidan Sardauna. A Yamai akwai muze na ƙasa mai sunan Boubou Hama wanda aka kafa a 1959. Wanda ɗan kasuwa zai tara da kuɗinsa ya miƙa wa gari shi ne muke da ƙarancinsa.

Musa_Jamus:
Mu ma nan Kolon akwai irinsa sak, gidan tarihin fasahar gabashin Asiya, wani Adolf Fischer da matarsa Frieda suka tara suka ba birnin aka buɗe a 1913. Mijin ya mutu shekara guda bayan nan matar ta ci gaba da riƙe wurin, sai ga 'yan Nazi a 1937 suka kore ta daga gidan da ita ta kafa saboda mijinta na biyu yana da asalin Yahudawa. Ginin ma ya rushe a yaƙi, sai 1977 aka buɗe sabo wanda wani ɗan Japan Kunio Maekawa ya zana. Don haka Sani riƙon amanar nasu ma ba kullum ba ne

Sani_Injiniya:
Amma kayan sun tsira ko? Kuma birnin ya sake gini. Ni maganata ke nan

Bature_Baki:
Kayan sun tsira, matar da ta bayar ta mutu a wulaƙance. In wannan ne riƙon amana to madalla

Hadiza_Lyon:
Ni tambayata su Japan ɗin sun taɓa cewa a dawo musu da Budan nasu ne? Don naga kamar mu muke ta ɗaga jijiyar wuya a madadinsu

Musa_Jamus:
Anti su ma fa suna da kayan wasu a hannunsu. Birnin Osaka na da gidan tarihin tangaran da aka buɗe a 1982, tushensa tarin kamfanin Ataka ne da ya karye, kamfanonin Sumitomo suka miƙa wa birnin, kuma kayan Sin da Koriya ne, Koriyar da Japan ta mulka daga 1910 zuwa 1945. Ga kuma 'yar'uwar butar nan a Kyoto da Malam ya faɗa. Sin ce dai ke bin kayanta da gaske, a 2013 iyalan Pinault sun mayar mata da kawunan tagulla biyu na ɓera da zomo da aka kwashe daga fadar bazara ta Beijing a 1860

Abbakar_Kn:
Ahaf 1860 din waye ya kwashe? ba sojan Faransa da Ingila bane? Malam_Tarihi kace kudin goro nayi

Malam_Tarihi:
Su ne, amma wannan fadar sarki aka fasa da bindiga. Muna maganar mutumin da ya zo bayan shekara 11 ya shiga kasuwa ya yi ciniki. Kana iya cewa cinikin bai yi daɗi ba kamar yadda Bature_Baki ya ce, wannan magana ce, amma sunansa ba fashi ba

Lauya_Bashir:
A fiƙihu ma ai akwai bahasi kan cinikin wanda ya matsu, malamai sun yi magana a kai, ba abu ne da za a yanke da layi biyu ba. Sannan wa ya sayar, limamin wurin ne ko mutanen unguwa, kuma yana da ikon sayarwa? In abin na jama'a ne to wanda ya karɓi kuɗin ma akwai tambaya a kansa

Dan_Damagaram:
Na karanta wa ɗan Senegal ɗin duk abin da kuka rubuta, ya ce a gaida Bature_Baki ya biya shi, amma ya ce shi maganar Yar_Katsina ce ta fi damunsa don su ma suna da irin adakar nan a gidansu. Ni kuma har yanzu ina kan bakata, wanda ya tara ya buɗe ƙofa kowa ya shiga ya fi wanda ya tara ya kulle a falonsa magada suka yi gwanjo

Bature_Baki:
Ya fi shi, ban ce bai fi shi ba. Amma a rubuta labarin mutanen Meguro ɓaro-ɓaro a jikin dakalin yadda duk wanda ya ɗaga kai ya kalli Budan zai karanta

Yar_Katsina:
Lauya don Allah in mutum na son ya yi wakafin littattafai amma su zauna a gidan iyali, ana iya haka? kuma wa ake sa wa ya zama mai kula? Zan maka magana ta akwatin sirri

Hadiza_Lyon:
Dan_Damagaram ina shigowa Faris hutun yara, suna buɗewa Litinin kuwa? Kuma ana barin shiga da keken jariri?

Dan_Damagaram:
Litinin a rufe suke Anti, ki zo Talata zuwa Lahadi. Na keken zan tambayar miki